Na dafa man gyaɗa har ya yi kauri, me ya hana shi bushewa a jikin katako?

Tambayar ta fito ne daga wani kafinta a wani ƙauye da ke wajen Ringim. Ya ce ya saba sayen man linsid na gwangwani, wato man da ake tatsa daga irin wata shuka mai suna linsid, wanda aka rubuta "dafaffe" a jikinsa, yana shafa wa ƙofofi da ƙotocin fartanya. Da man ya yi tsada sai ya zuba man gyaɗa a tukunya, ya dafa shi har ya yi duhu ya yi kauri, ya shafa wa wata sabuwar ƙofa. Mako biyu ke nan ƙofar tana danƙo, ƙura duk ta manne mata. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kaskon da maiɗakinsa ke suyar awara da man waken suya, bakinsa ya yi wani baƙin danƙo mai tauri da wuƙa ma da ƙyar take kankare shi. Ya ce: me ya sa wancan ya bushe nawa ya ƙi, kuma in na ƙara masa wuta zai yi?

Malam, ko ka kwana kana hura masa wuta ba zai yi ba. Laifin ba na dahuwar ba ne, na man ne. Amma ka lura da abu mai kyau a bakin kaskon nan, domin abin da ya faru a wurin shi ne ainihin abin da kake nema a jikin ƙofarka.

Mu fara da kalmar bushewa, don ita ce ke ruɗar mutane. In ka shanya riga, ruwa ne ke tashi ya bi iska, rigar ta rage nauyi. In ka shafa tina ko kananzir a katako, su ma tashi suke yi. Man linsid ba ya tashi. Iskar oksijin yake zuƙa daga sarari, ya yi amfani da ita ya ɗaure ƙwayoyinsa da junansu har su zama abu guda mai tauri. Shi ya sa in aka auna siririn shafin man linsid a kan gilashi kafin ya bushe da bayan ya bushe, za a tarar nauyinsa ƙaruwa ya yi, da fiye da kashi 10 cikin 100. Haka kuma kada ka haɗa wannan da daskarewar man kaɗe ko manja a lokacin hunturu. Wannan sanyi ne kawai, da ka kai shi rana ko kusa da murhu zai narke ya koma yadda yake. Man da ya ɗaure da kansa ba ya komawa, ko an ɗumama shi.

Kowane man tsiro, daga na gyaɗa har na riɗi, ƙwayarsa fasali ɗaya gare ta. Ka ɗauka turke ne guda da aka ɗaura wa igiyoyi uku. Turken shi ne giliserol, igiyoyin su ne sinadaran da ake kira asid na mai, kuma yawancinsu jerin ƙwayoyin kabon 16 ne ko 18. Muddin kowane turke yana zaman kansa, igiyoyin suna zamewa a kan juna, man yana zuba kamar ruwa. Da zarar igiyar wannan turke ta ƙulle da igiyar wancan, sun zama ƙwaya guda mai ninkin girma, motsinta ya yi nauyi. Wannan shi ne kauri. In ƙullin ya ci gaba har kowane turke ya haɗe da maƙwabtansa ta ɓangarori da yawa, an sami raga, kamar komar masunta. Raga ba ta zuba. Wannan shi ne bushewa, kuma abin da aka samu shi masana ke kira polima.

To ba kowace igiya ce ke ƙulluwa ba. A jikin wasu igiyoyin akwai wuraren da kabon biyu suka riƙe juna da ɗauri biyu maimakon ɗaya. Mu kira shi tagwayen ɗauri. Asid ɗin palmitik da sitiyarik, waɗanda suka yi yawa a manja da man kaɗe, ba su da shi sam. Oleyik, wanda ya fi yawa a man gyaɗa, yana da ɗaya. Linoleyik yana da biyu, linolenik yana da uku. Wurin da ya fi rauni a jikin igiyar shi ne ƙwayar kabon ɗin da ta zauna tsakanin tagwayen ɗauri biyu, domin haidirojin ɗin da ke jikinta cire shi ba wuya. Nan ne oksijin ke kamawa. Oleyik ba shi da irin wannan wuri tunda tagwayen ɗaurinsa ɗaya ne tal. Linoleyik yana da wuri ɗaya, linolenik yana da biyu. Saboda haka linoleyik ya fi oleyik saurin kama iska fiye da sau 10, linolenik kuma ya ninka linoleyik kusan sau biyu.

Ka kira waɗannan wurare hannaye, sai lissafin ya fito fili. Mutane masu hannu ɗaya-ɗaya in suka riƙe juna, bibbiyu za su tsaya. Masu hannu bibbiyu za su yi dogon layi. Sai masu hannu fiye da biyu ne za su iya yin raga. Masu harhaɗa fenti suna cewa sai matsakaicin hannayen kowace ƙwayar mai ya wuce 2.2 sannan man zai bushe da kansa. Man linsid, da yake fiye da rabinsa linolenik ne, yana da kimanin 3.6. Man waken suya, mai linoleyik kusan rabi da linolenik kamar kashi 7 zuwa 9 cikin 100, yana da kimanin 2, wato yana bakin ƙofa bai shiga ba. Man angurya yana wajen 1.5, na riɗi ƙasa da haka kaɗan. Man gyaɗa, wanda linoleyik ɗinsa yawanci wajen kashi ɗaya cikin uku ne, hannunsa kusan ɗaya ne. Ka ga ke nan da ka dafa shi, ƙwayoyin sun haɗu bibbiyu da uku-uku, man ya yi kauri ya yi yauƙi, hannaye kuma suka ƙare. Babu sauran abin da za a saƙa raga da shi. Abin da ke jikin ƙofarka ke nan.

A ɗakin gwaji ana auna wannan da abin da ake kira lambar ayodin, wato giram nawa na ayodin giram 100 na mai zai shanye, tunda ayodin yana manne wa tagwayen ɗauri. Manja yana wajen 50 zuwa 55. Man gyaɗa yana tsakanin 85 da 105. Na riɗi da na angurya suna tsakanin 100 da 120. Na waken suya 120 zuwa 140. Na linsid 170 zuwa 200. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, wanda ya haura 130 ko 140 mai bushewa ne, wanda ya gaza 100 ba ya bushewa, na tsakiya kuma rabi da rabi ne. Shukar linsid ba tamu ba ce, a Kanada da Rasha da Kazakistan da Sin da Indiya aka fi noma ta, a nan Afirka kuma Habasha. Shi ya sa kuɗin gwangwaninta ke bin farashin dala.

Akwai kuma baƙin mai na inji da ake shafa wa azara da katakon rufi saboda gara. Shi daga ɗanyen man fetur ya fito, igiyoyinsa ba irin waɗannan hannaye, don haka ko shekara goma ya yi a jikin itace in ka taɓa zai ɓata maka hannu. Ba a ɗora fenti a kansa.

Yanzu maganar wuta. Hanyoyi biyu ne mai ke yin kauri in ya ji zafi, kuma ba abu ɗaya suke haifarwa ba.

Ta farko ita ce ta iska. Ko ba wuta tana faruwa, zafi saurinta kawai yake ƙarawa, kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri 10. Da farko ba a ganin komai, saboda a cikin ɗanyen mai akwai sinadaran da ke kare shi, irin su tokoferol, wato bitamin E, kuma sai an cinye su sannan aiki zai fara. Man riɗi yana da nasa na musamman, sesamol da danginsa, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba duk da yawan linoleyik ɗinsa. Bayan masu gadin sun ƙare, haidirojin guda ya fita daga wurin nan mai rauni, ya bar kabon da hannu a buɗe. Oksijin ya kama hannun, shi kuma ya fizgo haidirojin daga igiyar maƙwabci, ya bar ta ita ma da hannu a buɗe. Haka abin ke yaɗuwa kamar wutar daji. Abin da aka samu a wannan mataki ana kiransa haidirofarokzayid, kuma ba ya zama lafiya. Zafi ko hasken rana ko ɗan ƙarfe da ya narke a cikin man sai su fasa shi gida biyu, kowane ɓangare da buɗaɗɗen hannu. In buɗaɗɗun hannaye biyu na turaka daban-daban suka gamu, sai su ƙulle, wani lokaci kabon da kabon kai tsaye, wani lokaci da oksijin ɗaya ko biyu a tsakani a matsayin gada. Wasu igiyoyin kuma tsinkewa suke yi, guntayen su tashi. Waɗannan guntaye, dangin aldihayid, su ne warin sabon fenti da warin tsohon mai da ke sa maƙaƙi a wuya.

A masana'anta ana yin wannan da gangan: a ɗumama man zuwa digiri 100 da ɗoriya, ana hura iska ta cikinsa na sa'o'i, har ya kai kaurin da ake so. Ana kiransa huraren mai. Yana bushewa da sauri, amma yana da duhu.

Hanya ta biyu ba ruwanta da iska, hasali ma toshe iskar ake yi. Ana zuba man linsid a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a kore iskar ciki da naitirojin ko kabon dayokzayid, a kai zafin digiri 280 zuwa 300, a riƙe shi a nan na sa'o'i da yawa. A wannan zafin tagwayen ɗaurin suna matsawa daga wurarensu. Biyun da ke da kabon guda a tsakaninsu sai su matso su jeru, tagwaye, tilo, tagwaye. Da sun jeru haka, kabon huɗun nan suna iya rungumar tagwayen ɗaurin wata igiya, huɗu da biyu su zama zobe mai kabon shida. Zoben ya haɗa igiyoyin biyu da ɗaurin kabon zalla, ba oksijin a ciki. Wasu Jamusawa biyu, Otto Diels da Kurt Alder, su suka bayyana irin wannan haɗuwa a 1928, aka ba su kyautar Nobel a kanta a 1950, kuma da sunansu ake kiranta. Man da aka samu ta nan yana da kauri kamar zuma, launinsa ba duhu, in an shafa yana bajewa ba ya barin sawun burushi, kuma ba ya saurin komawa rawaya. Lambar ayodin ɗinsa ta ragu tunda an ci wasu tagwayen ɗaurin, kuma abin mamaki, ya fi ɗanyen man jinkirin bushewa in ba a sa masa magani ba. Ka ga kauri daban, bushewa daban.

Akwai wani mai da ke nuna ƙarfin wannan jeruwa ƙarara, man tung, daga wata bishiya ta ƙasar Sin. Kusan kashi 80 cikin 100 na igiyoyinsa suna da tagwayen ɗauri uku da suka zo a jere tun daga bishiya, ba sai an jira sun matsa ba. In aka kai shi digiri 282, cikin minti 12 ko ƙasa da haka zai daskare ya zama kamar roba a cikin tukunyar. Da wannan ma ake gwada ko an gauraya shi da wani mai. Man linsid a wannan zafin sai ya yi sa'o'i. Shi kuma man zurma, wanda ke fitowa a bayan gidajenmu, ba ya bushewa yadda yake, amma masana'antu suna cire masa ƙwayar ruwa daga kowace igiya da zafi da sinadari, hakan ya haifar da tagwayen ɗauri na biyu, ya koma mai bushewa. Ba aikin murhu ba ne.

Abin da ke ba masu dafa mai wahala shi ne kaurin ba ya hawa daidai-wa-daida. A sa'o'in farko kamar ba abin da ke faruwa, domin ƙananan ƙwayoyi ne ke haɗuwa bibbiyu. Can gaba manya ne ke haɗuwa da manya, ƙulli guda yana ninka girman ƙwaya, sai kaurin ya riƙa ninkawa. Daga ƙarshe akwai gaɓar da ragar ke haɗe tukunyar baki ɗaya, cikin 'yan mintoci abin ya zama dunƙule, ba ya narkewa a tina, sai dai a sare shi. Ga kuma yaudarar zafi: man da yake digiri 300 tsinkakke ne ko da ya yi nisa, sai ya huce kaurinsa ke bayyana. Shi ya sa masu dafa banish na dā, wato man da ke sa katako ƙyalli, suke ɗiga ɗigo a kan gilashi mai sanyi, su taɓa da yatsa su ja, su ga tsawon zaren da zai yi kafin ya tsinke. Kuma a fili suke aikin, tukunyar tana kan taya don a janye ta daga wuta nan take.

A buɗaɗɗiyar tukunya a kan itace, irin yadda ka yi, hanyoyin biyu ne ke gudana tare, kuma ba ka da iko da ko ɗaya. Sama yana shan iska, gindi yana ƙuna. Wasu igiyoyin suna ɓallewa daga turkensu, man ya ƙara tsami, giliserol ɗin da aka bari ya koma akirolin, hayaƙin nan da ke sa ido hawaye. Ba na ba kowa shawarar ya gwada dafa man linsid a gida. Tururinsa yana iya kama wuta daga kimanin digiri 220, wato tun kafin a kai zafin da ake bukata an riga an wuce nan, kuma a wajen digiri 340 yana kamawa da kansa ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakanin 300 da 340 a kan murhun itace kara guda ne. In mai ya kama a tukunya, murfin ƙarfe ake kifa masa a janye itacen, wanda ya zuba a ƙasa a rufe shi da yashi. Ruwa yana nutsewa ƙarƙashin man ya zama tururi nan take, ya watsa wutar a rumfa da jikin mutum.

Abin da zai ba ka dariya shi ne, man gwangwanin da aka rubuta wa "dafaffe", yawancinsa yanzu ba a dafa shi haka. Sunan ne ya rage. A dā ana ɗumama man da garin dalma don dalmar ta narke a ciki. Yanzu ɗan maganin bushewa ake zubawa, gishirin ƙarafa masu narkewa a mai. Kobalt da manganis suna fasa haidirofarokzayid da sauri, su sa sama ya bushe. Zakoniyam da kalshiyam suna taimaka wa ciki ya bi sahu. Kobalt ɗin da ake sawa bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na nauyin man ba, amma ya isa ya mai da bushewar kwana 3 zuwa 7 ta koma ta kwana guda. In aka zarce da shi, sama ya rufe da wuri, ya kumbura da oksijin ɗin da ya sha, ya yanƙwane kamar yanar kunu, ciki kuwa yana nan ɗanye. Wani zai ce maka ka jefa dalmar tsohon batir a cikin mai. Kada ka kuskura. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, can daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙofa abu ne da yara ke taɓawa su kai hannu baki. Ko man gwangwanin ma, tunda akwai ƙarafa a ciki, ba a shafa shi a akushi ko muciya ko ludayi.

Fentin mai da kake saya, yawancinsa da man waken suya ko danginsa aka yi shi. Dabarar ita ce a kwance igiyoyin daga turakansu a jera su da yawa a jikin wata doguwar ƙwaya da aka haɗa a masana'anta, wadda ake kira alkid. Ƙwayar da ke ɗauke da igiyoyi masu yawa hannayenta sun wuce biyu nesa, sai ta bushe sarai. Yanar da ke tasowa a saman gwangwanin da aka bari a buɗe, wannan ragar ce.

Sai kaskon awara. Ana suya ne a digiri 170 zuwa 190, kuma a bakin kasko man siriri ne ƙwarai, iska tana samunsa ta ko'ina, ƙarfen kaskon yana yi masa aikin maganin bushewa, kuma kullum ana maimaitawa. Man da hannayensa suka kusa biyu, in aka ba shi wannan duka, har hannayen da ba sa aiki a sanyi sai sun yi, ya saƙa raga. Ko man gyaɗa ma yana yin danƙo a bakin kasko in an daɗe, sai dai a hankali kuma da laushi. Wannan baƙin sulɓin da ke hana waina kamawa a tsohuwar tanda shi ne wannan polimar haɗe da ɗan gawayi. In ana so a horar da sabuwar tanda ko kaskon ƙarfe, a shafa mai siriri, a goge kamar ba a so ya zauna, a ɗora a wuta har ya yi hayaƙi ya daina, a bari ya huce, a maimaita sau huɗu ko biyar. In aka labta da yawa, danƙo za a samu.

Abin da ke faruwa a bakin kaskon yana faruwa a cikin man suyar, kuma nan ne ya shafi lafiya. Ruwan awara yana ɓalle igiyoyi daga turaka, sai man ya riƙa hayaƙi da wuri. Ƙwayoyin da suka haɗe suna riƙe tururi, shi ya sa tsohon mai ke yin ƙananan kumfa masu taruwa da ba sa fashewa, kuma abin da aka soya yana shan mai fiye da kima. A ƙasashe da yawa na Turai doka ta ce a zubar da man suya in lalatattun ƙwayoyinsa sun kai kusan kashi 25 cikin 100. Uwargida ba ta da na'urar auna wannan, amma tana da ido: kumfar da ba ta kwanciya, hayaƙi tun man bai yi zafin suya ba, duhu, da ɗigon da in ya huce yake jan zare tsakanin yatsu. Abin da ke tsawaita ran mai shi ne a tace ɓurɓushi kullum bayan ya huce, kada a bar shi a wuta ba komai a ciki, a adana shi a rufe a inuwa, a barbaɗa gishiri bayan an tsame ba a kan kasko ba, kuma kada jan ƙarfe ko tagulla ko tsatsa su taɓa shi, don jan ƙarfe ya fi kowane ƙarfe saurin lalata mai. Ga mai suya kullum, man gyaɗa ya fi na waken suya jure wuta, saboda wannan ƙarancin hannayen da ya hana shi bushewa a ƙofarka. Danƙon bakin kasko kuwa, kankara ba ta fi jiƙo ba. Ruwan toka mai ƙarfi ko ruwan kanwa mai zafi yana yanke igiyoyi daga turaka ya mai da su sabulu, ragar ta warware. Sodar da ake yin sabulu da ita ta fi sauri, amma tana cin tukunyar alminiyam, a kan ƙarfe kawai ake sa ta, da safar hannu.

Ƙofarka ba ta lalace ba. Ka jiƙa tsumma da tina ko kananzir ka goge danƙon, kana sauya tsumma, sannan ka barbaɗa garin katako mai laushi ka cuɗa ya tsotse saura. Ka jingine ta a rana, man da ya shiga ciki zai fito kamar gumi, ka sake gogewa. Sai ka yi haka sau uku ko huɗu cikin 'yan kwanaki. Bayan nan ka wanke da ruwan ɗumi da omo, ba tare da ka jiƙe katakon sharkaf ba, ka bari ya bushe, ka bi da samfefa. Ka ɗora farar takarda a kai a rana na sa'a guda. In ba ta yi tabon mai ba, to ka iya shafa linsid ko fenti. In ka yi gaggawa, ragowar man gyaɗan zai gauraya da sabon shafin ya hana shi tauri.

Wajen shafa linsid, shafin farko ka sirka shi da tina rabi da rabi don ya shiga cikin katako. Ka ba shi minti 15 zuwa 20, sannan ka goge duk abin da ya rage a sama har ya zama ba ƙyalli. Wannan gogewar ita ce rabin aikin, domin iska ba ta ratsa shafi mai kauri, kuma abin da ya bushe a cikin katakon shi ke kare shi. Ka jira kwana guda in dafaffe ne, in ɗanye ne kusan mako, ka sake, har sau uku. Da bazara yana saurin bushewa, da damina laima tana ja masa rai, da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka yi aikin a rumfa mai shan iska ka yayyafa wa ƙasa ruwa. In ƙofar ɗaki mai duhu ce za ka ga ta yi rawaya, wannan halin linolenik ne, haske yana rage shi.

In tsada ce ta dame ka, siririn shafi da sirki da tina za su rage maka yawan man da kake ci fiye da kowace dabara. In kuma kauri kake so ba tare da wuta ba, rana ta ishe ka. Ka zuba ɗanyen man linsid a faranti mai faɗi, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya, ka rufe da gilashi da aka ɗaga da 'yan tsakuwa don iska ta shiga, ka kewaye gefen da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙwari. Ka juya shi kullum don kada ya yi yana. A ranar Jigawa 'yan makonni sun isa ya yi kamar zuma. Ka tace, ka cika kwalba har wuya ka toshe, don in ka bar sarari a sama zai ci gaba da aiki a ciki. Duk man da ka sayo kana shakkar an gauraya shi da na gyaɗa ko na inji, ka shafa siriri a gutsuren gilashi ka jingine a inuwa mai iska. Dafaffen linsid na gaske gobe zai yi fata da ba ta kama yatsa. Wanda ya kwana uku yana maiƙo, kada ka kai shi jikin aikin mutane.

Saura tsumman da ka goge man da shi. Haɗuwar mai da oksijin zafi take fitarwa. A jikin ƙofa zafin yana bin iska ba a ji. A tsumman da aka dunƙule, zaren auduga ya baza man a fili mai faɗi, iska tana shiga, zafin kuma ba hanyar fita. Zafi ya ƙara sauri, sauri ya ƙara zafi, cikin 'yan sa'o'i ya fara hayaƙi ya kama, ba ashana ba komai. A watan Fabrairun 1991 irin wannan tsumma na man linsid da ma'aikata suka bari ya tayar da gobara a wani dogon bene a birnin Filadelfiya na Amurka, 'yan kwana-kwana uku suka mutu. Shagon kafinta cike yake da garin katako da tina, da yawa kuma rufin kara ne ko zana. Kowane tsumma ka shimfiɗa shi shi kaɗai a ƙasa a fili, ka danne da dutse, har ya bushe ya yi ƙarau, ko ka nutsa shi a gwangwani mai ruwa ka rufe. Garin katakon da ya sha man linsid shi ma haka, kada ya kwana a tsibi cikin shago.